Tohon Da Mannir Ya Ƙi Sarewa

Mansura na zaune a ƙofar ɗakin girki tana tsince wake, amma hankalinta yana can gonar babanta a bayan garin Kekun Waje. Yau ne saurayinta Mannir ya kai abokansa su yi wa tsohon sassabe, kamar yadda mai neman aure yake yi. Ita kam har ta gama hango kanta da lalle a ƙafa, 'yan mata na guɗa, shi kuma yana yi mata murmushin nan nasa mai kashe jiki...

Sai ga babanta, Malam Jatau, ya faɗo gida ko sallama babu.

"Wanga yaro rago ne! Na ce ya share mini gona, ya bar mini toho birjik – sabara, kalgo, har da gawo! Wai ya rage musu rassa don su zama itace!"

"Baba, ai cewa ya yi..."

"Na ji abin da ya ce! Wai duniya tana ɗumama. Ruwa dai na Allah ne. Masu manyan injuna can sun ɓata sama, sai kalgon Jatau ne zai gyara ta? Ko ya koma ya sare, ko ya manta hanyar gidan nan!"

Da la'asar ta kira Mannir a waya tana kuka. "Don Allah ka sare, Mannir. Toho ne fa kawai!"

"Na san ba ni zan gyara duniya ba, Mansura. Amma iska tana kwashe ƙasar gonar nan duk shekara. In na sare don in same ki, na cuci Baba."

Kai, taurin kai wajen ɗan difloman nan sai dai a bar shi! Haushinsa ya cika ta, amma son nasa ko gezau. Kullum sai ta kafa wa ƙofar zaure ido, tana jin kamar muryarsa ce a cikin iska.

Malam Jatau ya ɗauki adda da kansa. Ya sare rabin gona, ciwon baya ya kama shi, ya bar sauran yana ƙwafa.

Ruwa ya sauka, aka shuka gero. Sai kuma ya ɗauke ɗif, kwana goma sha takwas, iska tana ta watsa yashi. Ranar da Mansura ta kai wa babanta abinci gona, ta same shi tsaye ya riƙe ƙugu. Inda ya sare, yashi ya cinye shukar tas. Inda Mannir ya bari kuwa, gero ya laɓe a jikin toho, kore shar.

Ya juyo ya dube ta.

"Har yanzu ban yarda kalgo zai gyara sama ba," ya ce da ƙyar. "Amma yaron da ya gwammace ya rasa ki da ya cuce ni, ba zai cuce ki ba. Ki ce ya turo magabatansa."

Hawayen daɗi suka zubo mata. A ranar ta gane cewa mai ƙaunarka na gaske shi ne wanda zai faɗa maka gaskiya ko da za ta ja masa asara, kuma wanda ya yi haƙuri ba ya taɓewa.

"Ke, Mansura!" Baba ya kira ta, kansa a sunkuye. "Ki ce masa ya zo da iri. Gefen nan da hannuna na ɓata shi."