Muryar da Aka Hana Inna

Da safe Rabi'u ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Sauda, zaune a falon gidansa na unguwar Nuzla a Jidda, shayinta har ya huce ba ta ko kalle shi ba.

"Yau ma da hannu matarka ta gaishe ni, sai ka ce mai tsayar da tasi," in ji Inna. "Wai bebiya ka aura?"

"Inna, aikinta ne ya gaji haka. Duk ranar da za ta hau dandali ba ta magana, murya take adanawa."

"Au, gaishe ni ne asarar murya ke nan."

Matarsa Bara'atu na jin su daga ɗaki. A Jidda aka haife ta, tun tana ƙarama take bin uwarta waƙa a gidajen biki, har ta yi fice da laƙabin Abir, tauraruwar wasan kwaikwayo na waƙa da ake rububin gani. Rabi'u ne ya tsaya mata lokacin da dangi ke cewa ta zubar musu da mutunci, tana kuwa son sa har cikin ranta. Sai dai ɗaukaka takan sa mutum ya zaci kowa zai jira shi.

"Habibti, masoyiyata, ko 'ina kwana' ce kawai," Rabi'u ya shiga ɗaki ya roƙe ta. "Umra Inna ta zo, ba zama ba."

"Shi ke nan, Rabi'u," ta raɗa masa. "Bari a gama wasan, zan lallashe ta."

Wasa ya karɓu, aka yi ta ƙara kwanaki. Inna ta ɗaure kayanta. A filin jirgi ta ce da ɗanta, "Ka sake ta, ko ka daina kirana uwa."

Bai sake ta ba, bai kuma daina buga wa Inna waya ba, ko da ba ta ɗauka. Ya yi ta ramewa a tsakaninsu, Bara'atu na can tana karɓar lambobin yabo. Sai ranar da ta same shi yana hawaye a mota, waya a hannu, ta san ta yi ɓarna. Ta ajiye wasa ta bi shi Katsina wurin Inna.

Suka tarar wani mugun zazzaɓi ya tafi da jin Inna. Bara'atu ta durƙusa ta ce, "Inna, ina kwana? Ki yafe mini." Tsohuwa ta tsura wa bakinta ido kawai, sannan ta kamo hannun Rabi'u ta ɗora a kan na matarsa.

"Albarkacin haƙurinka na yafe," ta faɗa da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. "An ce muryarta da daɗi. Haka ne?"

Rabi'u ya gyaɗa kai. Bara'atu ta kifa fuska a cinyar Inna ta yi ta kuka. Haƙurin miji ya ceci aurenta, amma abin da ka hana naka yau, ba lallai ne gobe ya iya karɓa ba.