Saurayin da Talabijin Ya Kashe

Ranar da aka sanar da rasuwar Injiniya, yana zaune a falon su Auta, rimot ɗin gidan a buɗe a kan gwiwarsa, yana kankare tsatsar batir da bakin ƙaramar wuƙa.

Ba injiniyan takarda ba ne. Mai gyaran talabijin ne, 'yan unguwa suka ba shi digirin kyauta. Shekara biyu yana neman Auta, an sa musu rana, saura wata huɗu. Yammacin Asabar ɗin nan kuwa an gayyato shi ne don a kalli fitowarta ta farko a gasar waƙa ta talabijin, wadda aka ɗauka sati biyu da suka wuce. Umma na kan doguwar kujera. Yaya, babban wan Auta, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, yana tsaye ya harɗe hannu. Auta na ƙasa a kan kafet, tun ɗazu ba ta ɗago kai ba.

"Ga ta nan! Ga 'yata nan!" in ji Umma.

Sai kiɗan ya sauya, ya yi sanyi. Mai gabatarwa ya rage murya. Ya ce wannan yarinya da za a ji yanzu, wata shida da suka wuce ta rasa wanda za ta aura a hatsarin mota. Hoto ya cika allon, an mai da shi fari da baƙi. Injiniya ne, yana murmushi, sanye da riga mai layi-layi.

Rigar ce a jikinsa a lokacin.

Ba wanda ya yi motsi. A cikin akwatin talabijin, Auta tana kuka tana waƙa. A kan kafet ma tana kuka, sai dai babu waƙar.

"Innalillahi," in ji Umma a hankali, tana duban allon, tana duban yaron. Har ta ɗan janye ƙafarta daga kusa da tasa.

Injiniya ya rufe rimot ɗin, ya gwada shi, ya rage sautin. "Ya gyaru," ya ce. Sannan ya juya. "Yaya, yaushe abin ya faru? Ban samu labari ba."

"Ka tsaya ka ji!" Yaya ya ɗaga hannu. "Ni na cike fom ɗin. Akwai layin da suka ce a rubuta babban rashin da aka taɓa yi. Na leƙa fom ɗin na kusa da ni, gidansu ya ƙone. Na bayana, uwa da uba duk babu. Na rubuta Baba, furodusa, mai shirya shirin, ta ce wannan ya tsufa, kowa yana da irinsa. To me zan yi? Murya kaɗai ba ta cin gasar nan, sai da labari!"

"Shi ne ka duba duk gidan, ka ga ni na fi sauƙin kashewa."

"Sati shida ne kacal! Kyautar mota ce fa, da kwangilar faifai. Ka ɗan janye jiki, a gama, sai mu ce kuskuren asibiti ne." Muryar Yaya ta yi ƙasa. "Amma wallahi in ka ɓata mata wannan dama, ka manta da ranar da aka sa. Ni na sa ta, ni zan cire."

Injiniya ya dubi Auta. "Kin sani?"

"Ranar ɗauka suka gaya min... kamara a kunne... na kasa cewa a'a." Hawaye sun jiƙa mata wuyan riga. "Don Allah ka yafe min."

Injiniya ya ajiye rimot ɗin. "Ba zan tona ba," ya ce. "Amma duk wanda ya tambaye ni ko ina raye, zan ce masa e." Ya fita ƙofar gida ya kira mahaifiyarsa a waya, kafin labarin ya riga shi.

Ba wanda ya tambaye shi.

Yaya ya bi gida-gida yana roƙon maƙwabta su rufa asiri, 'yar unguwa ce za ta ci. Suka yarda, da zuciya ɗaya ma. Da farko sai in akwai baƙo a layin suke fasa kiran sunan Injiniya. Bayan sati biyu, ko babu baƙo ba sa kira. Telan da ke gefen shagonsa ya koma gaishe shi da ido. Mai kanti ya fara ajiye masa canji a kan tebur maimakon a tafin hannu. Kowa ya san yana raye. Amma talabijin ya ce ya mutu, kuma talabijin ya fi shi yawan magana.

Wata Talata da rana aka maimaita shirin. Akwatuna tara ne a kunne a kan kantar shagonsa, yana gwada su. Fuskarsa ta fito a duka taran: ɗaya kore, ɗaya tana birgima daga sama zuwa ƙasa, ɗaya an raba ta biyu. Wani tsoho da ya kawo rediyo daga wata unguwa ya dubi kantar, ya dubi mai shagon. Ya ajiye rediyon a ƙasa a hankali, kamar mai gudun tada barci, ya fita da baya-baya. Bai faɗi abin da ke damun rediyon ba. Injiniya ya buɗe ya gano da kansa.

Auta kuwa sai haurawa take zagaye bayan zagaye. An koya mata inda za ta tsaya ta haɗiyi kuka, da kamarar da za ta kalla idan hawayen ya zo. Cikin alƙalan gasar uku, biyu kullum da hankici a hannu. Na ukun ne matsala, wani dattijo mai tabarau, wanda tun da aka fara gasar ba a taɓa kama shi yana jin daɗin komai ba.

"Muryar tana nan," ya ce mata a zagaye na huɗu. "Ke ce ban san inda kike ba."

'Yan kallo suka yi masa ihu. Auta ta yi murmushin da aka koya mata, amma maganar ta bi ta har gida.

Saura sati ɗaya a yi na ƙarshe, fankar falo ta tsaya. Umma ta aika a kira Injiniya, a ce ya biyo ta ƙofar baya. Auta ba ta sani ba. Ta dawo daga gwaji, ta zube a kujera tana fifita da takardar waƙarta.

"Wash! Umma, zafin nan zai kashe mutum. Da Injiniya na nan, Allah ya jiƙansa, ai da tuni ya..."

Ta tsaya. Yana tsaye a bakin ƙofar kicin, jakar kayan aikinsa a hannu.

Ya ajiye jakar a ƙasa. Ya jawo tebur ya hau, ya kwance fankar, ya canja abin da ya ƙone, ya mayar. Iska ta dawo falon, ita kaɗai ke motsi. Ya sauko, ya gaida Umma, ya nufi ƙofar baya. Auta ta bi shi da gudu ba takalmi.

"Wallahi bakina ne ya saba! Kullum sai na faɗa sau goma a sitidiyo!"

"Na sani."

"To ka yi min faɗa mana! Ka ce wani abu!"

"Auta, ranar da na ga fuskata a akwati tara ban ji tsoro ba, na san wayoyin da ke ciki. Yau na ji." Ya gyara riƙon jakarsa. "Na yi miki alƙawari tun ina da rai cewa zan zo ranar ƙarshe. Katin shiga da kika ba ni yana nan. Zan zo, zan tsaya a baya, ba zan yi magana ba."

Ta koma ciki ta durƙusa gaban Yaya. "Yaya, na gaji. A faɗi gaskiya."

"Yanzu? Ana saura kwana bakwai? Kin san bakin mutum nawa na toshe a unguwar nan? Ki buɗe baki ki gani, auren ma ki neme shi ki rasa!"

Umma ta share hawaye da bakin mayafi. "Ki daure, Autata. Sati ɗaya ne. Shi ma ai yaron kirki ne... yana nan, yana nan."

Ranar ƙarshe kai tsaye ake nunawa, ƙarfe huɗu na yamma. Furodusa ta zo da sabuwar dabara. A sahun gaba aka bar kujera ɗaya babu kowa, aka lulluɓe ta da farin ƙyalle, aka jingina hoton, aka haska mata fitila ita kaɗai. Umma da Yaya suna gefenta. Umma ta ƙi bari ko gwiwar hannunta ta taɓa ƙyallen.

Mai gadin ƙofa ya karɓi katin Injiniya, ya daɗe yana kallonsa. "Malam, kamar na san fuskarka."

"Ana yawan faɗa min haka kwanan nan."

Zauren a cike. Ya tsaya can baya, ƙarƙashin koriyar fitilar ƙofar fita.

Aka kashe wutar zauren. Auta ta fito cikin farar riga, ta fara. An ce ta kalli kujerar a baiti na farko, ta kalla. An ce ta ɗaga kai sama a na biyu, ta ɗaga. A hanyar saukowar idonta ne ta hango shi. Mutum a tsaye cikin duhu, ba ya motsi, fuskarsa kore, sanye da riga mai layi-layi.

Ta ja da baya taku biyu. Bakinta ya bar waƙa ya kama neman tsari, makirfo kuma ya kai addu'ar kowane gida. Ta san zai zo, shi ya gaya mata. Duk da haka abin da ya fara zuwa ranta shi ne: ya dawo.

Wannan ne ya karya ta. Mutumin da ya gyara musu fanka sati ɗaya da ya wuce, mutumin da take son ta tsufa a ɗakinsa, yau shi take neman tsari da shi.

Masu kiɗa suka ci gaba kaɗan, suka ji ba mai waƙa, suka tsaya.

"Kujerar nan tana da mai ita," in ji Auta. Muryarta na rawa, kuma wannan rawar ba a koya mata ita ba. "Bai mutu ba. Bai taɓa yin hatsari ba, ko motar ma ba shi da ita. Ƙarya muka yi, ni kuma na rera ta sati shida. Duk wanda ya zaɓe ni don tausayi, ya yafe min." Ta nuna baya. "Ga shi can a tsaye. Don Allah a ba shi hanya ya zauna, ya gaji."

Aka waiwaya. Wata mata ta ƙwalla ƙara. Hanya kuwa an ba shi, har fiye da yadda yake bukata. Ya sauko a nutse, ya ɗauke hoton, ya naɗe ƙyallen ya miƙa wa Yaya, ya zauna.

Sai tallar sabulu ta rufe allon. Kafin tallar ta ƙare an cire Auta daga gasar.

A lungun bayan dandali ta zauna tana kuka. Dattijo mai tabarau ya zo wucewa, ya tsaya. "To, yanzu na ga inda kike," ya ce. Ya miƙo mata kati. "Ina koyar da murya. In kin huta ki zo ki rera min waƙa ɗaya wadda babu gawa a ciki. Numfashinki ma yana bukatar gyara."

Sati uku Yaya bai yi wa kowa magana ba. A waya an zagi Auta har ta daina kunnawa. Injiniya kuma bai aiko ba, bai matsa ba, shagonsa kawai ya buɗe. Umma ce ta gaji, ta tare ɗanta a falo.

"Kai, zauna! Yaron nan ka kashe shi bai yi ƙara ba, ka binne shi ya zo ya gyara mana fanka. Ina za ka samo wa ƙanwarka wanda ya fi shi? Ni ma da na biye maka, kunyarsa nake ji."

Washegari aka ga Yaya a ƙofar shagon, rungume da talabijin ɗin ɗakinsa. Sai da ya bi layi, don tun ranar nan mutane ke tururuwa daga unguwanni su ga mamacin da ke gyara. Injiniya ya jona akwatin, ya kunna, ya zagaya tashoshi.

"Yaya, lafiyarsa ƙalau."

"Na sani." Yaya ya sosa ƙeya, idonsa a ƙasa. "Ranar nan tana nan yadda aka sa ta."

Tana nan kuwa, ko kwana ɗaya ba a ɗaga ba. Auta tana zuwa wurin dattijon sau biyu a sati, har yanzu bai ce ta iya ba, amma ya daina tambayar inda take. Tsohon nan ma ya dawo karɓar rediyonsa. Sai da ya riƙe hannun Injiniya ya matsa sosai kafin ya yarda ya shigo.

Motar dai wata ce ta ci, kuma an ce ta cancanta. Abin da Auta ta ci a gasar shi ne sanin cewa ƙaryar da kake maimaitawa don mutane su yarda, kai za ka riga su yarda, kuma duk nasarar da sai an binne mai ƙaunarka za a same ta, ta yi tsada. Injiniya kuwa ya yi haƙuri bai yi ƙarya ba, ya samu matarsa da mutuncinsa. Hoton fari da baƙi yana nan a falonsu. Auta ta so ta ƙona shi, ya hana. Ya ce a duk hotunansa ba wanda ya kai shi kyau.