Awon Ƙafar Auta

Auta na bakin gado tana naɗe ƙafarta ta hagu da bandeji, Umma na tsaye a kanta.

"Ɗora safa a kai. Saura wata ɗaya biki, ba na son dangin yaron nan su ji kina da gyambo."

"Umma, wata uku fa bai warke ba."

"Yana miki zafi?"

"A'a."

"To, me ya rage?"

Baiwar Allah, ba ta san ciwon sukarin da Auta ke fama da shi tun tana firamare ne ya kashe jijiyoyin ƙafar ba.

Saurayin Auta mai ɗinkin takalma ne, ya kuma rantse amaryarsa ba za ta taka na kanti ba. Da yamma ya zo falo da kwali da fensir. Ya zana ƙafar dama, ya zana ta hagu, sai ya tsura wa kwalin ido.

"Wannan ta fi 'yar'uwarta faɗi. Auta, cire safar nan."

Ta fashe da kuka.

Washegari a asibiti, likita ya zura siririn ƙarfe cikin gyambon, ya ji ya taɓa ƙashi. Hoton ƙafar da aka ɗauka ya nuna ƙwayoyin cuta sun ci ƙashin babban yatsa.

"Za mu cire yatsan, sai allurai na sati shida. Da kun ƙara jinkiri, da maganar ƙafar gaba ɗaya muke yi."

Yayar saurayin, da ta biyo su asibitin, ta ja ƙanen nata gefe, amma Auta na ji.

"Ɓoye maka suka yi! Yau yatsa, gobe gwiwa. Mata sun ƙare ne?"

"Yaya, da ni ne a gadon nan, me za ki so ta yi?"

Bayan aikin, kwana huɗu ba a ga ƙeyarsa ba. Auta ta sha kuka, Umma ta kasa haɗa ido da ita.

Rana ta biyar sai ga shi da sabon kwali. Ashe yana wurin masu yi wa marasa lafiya takalma, yana koyon ɗinka takalmi mai laushin ciki, wanda ba ya goge fata.

"Wancan awon ya tashi aiki, amarya. Idan ta warke, ki miƙo ƙafar."

Umma ta share hawaye. "Ɗana, ka yafe mini. Kunya na guje wa, na kusa nakasa 'yata."

An ɗaga bikin wata uku, Yaya ce ma ta riƙo hannun amarya. Gaskiyar masu magana, wanda ya ɓoye ciwo, ciwo zai ɓoye shi. Masoyin gaskiya kuwa ba ya ƙirga yatsu.