Yatsan Baba a Ƙarƙashin Sunana

Ranar da Nasiruddeen ya shigo ofishina a Sakkwato da fayil a hammata yana washe baki, ban san abin kunyata ya ɗauko mini ba.

Ni lauya ce, aikina rubuta wa mawaƙa da 'yan fim da 'yan ƙwallo yarjejeniya. Nasir kuwa situdiyo gare shi, kuma saura sati biyu magabatansa su je neman aurena. Ni na rubuta masa takardar da makaɗan ƙauye za su riƙa sa wa hannu kafin ya naɗi waƙoƙinsu. Na kuwa ɗaure ta tamau, don ya san ba lauyar wasa zai aura ba. Sashe na bakwai ya ce duk waƙar da aka naɗa ta zama ta kamfani, mai ita ba zai ƙara rera ta a taro ba sai da izini a rubuce.

A ranar Nasir ya ce ya samo wani tsohon makaɗin noma a Kamarawa, muryarsa ko kusa ba ta tsufa ba. Na buɗe fayil ɗin. Lawwali Mai Ganga. Ga dangwalen yatsa nan shuɗi, daidai ƙarƙashin sunana.

Babana ne. Tun farko na ce wa Nasir babana manomi ne, na haɗiye zancen ganga, don na san irin kallon da wasu gidaje ke yi wa ɗiyar makaɗi.

Washegari na kama hanyar garin Isa, daga can na hau kabu-kabu zuwa Kamarawa. Na tarar ana gayya a gonar maƙwabcinmu, samari sun jeru suna noma shiru kamar ana zaman makoki. Baba yana gindin tsamiya, gangarsa lulluɓe da buhu. Inna ta ce gayya ta uku ke nan bai kaɗa ba, wai takarda ta hana.

Na durƙusa. "Baba, don mi ba ka kira ni ba kahin ka dangwala?"

"Da anka karanta min, sai ni ji sunanki. Nic ce abin da Hadiyya ta rubuta ba shi cuta ta."

"Kuma ba ka hwaɗa mai ni ɗiyarka ta ba..."

"Yaron ya ambace ki sau ukku, huskarshi tana haske. Na gane. Ban so gangata ta ɓata miki aure."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ashe ya san na ɓoye shi, har taya ni ɓoyewar yake yi.

Nan take na kira Nasir na ce ya zo. Kashegari da hantsi ya iso, ya tarar da mu a ƙofar gida, mutane cike. Ban bari ya gama gaisuwa ba na ce, "Nasir, wanga shi na babana."

Daga baya ya gaya mini abin da ya tuna a lokacin: ranar naɗin waƙa yana hakimce a kujera, tsohon yana tabarma, yana ta kiransa Lawwali gatsal. A ƙofar gidan dai, sai ya tuɓe takalmansa, ya tsuguna, ya kasa ɗaga kai.

Da muka keɓe ya ce ba gangar ta yi masa ciwo ba, zaton da na yi masa ne cewa zai raina babana. Ya ce da bakinsa zai gaya wa kawunansa ko ɗiyar wa yake nema, in za su yi fushi su yi.

Na yago takarda, na rubuta da hannuna cewa kamfani ya mayar wa Baba dukkan waƙoƙinsa. Nasir ya sa hannu. A wurin shaida na rubuta Hadiyya Lawwali Mai Ganga, karo na farko tun da na zama lauya. Na miƙa wa Baba tawada.

Ya dubi takardar, ya dube ni, ya mayar da hannunsa cikin riga.

"Karanta min ita dut tukuna, ɗiyata. Sannu-sannu."

Na fara karantawa, hawaye suna ɗiga a kan rubutun.