Ranar da Sabar Gidan Rediyo Ta Ƙi Tashi

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin Sufeto ya shiga gidan rediyon, Saje na biye da shi da littafi a hammata. Manaja ya tarye su a bakin matakala, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Yallaɓai, an kashe ni! An sace faifan saba. Shirye-shiryen shekara goma sha biyu, har da hirarrakin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, duk suna ciki. Tun safe waƙa ɗaya muke ta maimaita wa jama'a daga wayar direbana."

"Na ji ta sau huɗu a hanya," in ji Sufeto. "Har Saje ya haddace. Mu je mu gani."

Ɗakin sabar ɗan ƙarami ne, sanyinsa kamar cikin firji. Sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da duk ajiyar gidan, tana ta huci, amma allonta baƙi ne, sai layi ɗaya na rubutu. A gefe wata matashiya ce tsaye ta harɗe hannu. Ita ce injiniyar gidan.

"Me yake cewa?" Sufeto ya nuna allon.

"Wai bai ga faifan da zai tashi da shi ba. Amma ga su nan, yallaɓai, huɗu cif. Na faɗa wa Manaja, bai tsaya ji ba ya ruga kiran ku." Ta sake kunna na'urar, ta danna wani maɓalli, shafi mai shuɗi ya fito. "Wannan shi ne bayos, saitin da na'ura ke fara karantawa kafin ta tashi. Dubi kwanan wata."

Sufeto ya sunkuya. Kwanan watan da ke allon ya koma shekara tara baya.

"Da haka ne da ina da gashi a kai," ya ce. "Me ke jawo wannan?"

"Wani ya mayar da saitin yadda ya fito daga kamfani. Kalmar sirrin da na sa ta goge, tsarin da ya haɗa faifan huɗu ya zama ɗaya ya sauya. Shi ya sa take kallon su ba ta gane su ba."

Manaja ya miƙa yatsa. "To ga shi yana tambaya, a danna eh mana!"

Injiniya ta buge hannunsa. "Ranka ya daɗe, tambayar ita ce ko a share faifan a fara sabo."

Manaja ya tura hannayensa biyu cikin aljihu bai sake fito da su ba.

"Ba ku da kwafi?" in ji Sufeto.

Ta jawo durowa. Wayam. Nan fuskarta ta sauya. "Faifan ajiya a nan yake zama. Ranar Asabar na gan shi."

"Madalla, yanzu muna da sata. Wa ke da makullin ɗakin nan?"

"Ni kaɗai."

Sufeto ya zuba mata ido. Kwaɗon ƙofar lafiyarsa ƙalau, ba alamar ɓalle shi. Ta sunkuyar da kai.

"Akwai wani a bayan tukunyar kashe gobara. Saboda ranar da na manta nawa."

"Wa ya sani?"

"Ina jin... kowa."

Ta buɗe kundin da sabar ke rubuta duk abin da ya same ta. An ɗaga murfinta ranar Lahadi, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Sannan ta kwance murfin da kanta, ta nuna wani batir mai faɗin kwandala a cikin na'urar.

"Wannan ke riƙe saitin. In ka cire shi ka jira, komai ya goge." Ta kai fuskarta kusa. "Ba nawa ba ne. Duk batirin da na sa sai na rubuta masa kwanan wata da alƙalamin maka."

Saje ya kwanta rub da ciki, ya haska ƙarƙashin kantar ƙarfen da sabar ke kai da tocila. Can a lungu, inda hannu ba ya kaiwa, wani abu na ƙyalli. Da sandar tsintsiya ya jawo shi. Batir ne, da rubutun Injiniya a jiki.

Sufeto ya juya shi a tafin hannu. Wato wanda ya shigo ya cire shi, ya suɓuce masa, ya rasa yadda zai yi, ya sa wani. To ina mutum zai samo irinsa nan take, yana kulle a ɗaki?

Suka sauka wurin maigadi, dattijo mai fara'a.

"Baba, jiya da la'asar kana ina?"

"A kan bencin nan, ɗana. Ko ƙuda bai wuce ni ba."

"Nawa aka tashi wasan jiya?"

"Biyu da ɗaya, kuma wallahi ƙwallon ƙarshen satar gida ce..." Ya kama bakinsa.

Saje ya juya baya yana dariya.

"A shagon aski na kalla," maigadi ya amsa a sanyaye. "Nan tsallaken titi. Ban ga kowa ba, sai dai wajen ƙarfe biyar na ji wata mota na ta ihu a harabar nan. Kafin in tsallako ta fice."

"Me ke sa mota ihu, Saje?"

"In an kulle ta da rimot aka buɗe da makulli, yallaɓai."

Sufeto ya yi murmushi. Ya sa aka tara duk masu mota a haraba, mutum biyar, kowa da makullinsa.

"Ba wani abu ba ne. Kowa ya danna rimot ɗinsa."

Motoci huɗu suka amsa da ƙyafta fitila. Ta biyar, wata ja mai sheƙi, ko gezau. Mai ita shi ne mai gabatar da shirin safe, wanda masu sauraro suka laƙaba wa Zaƙin Murya.

"Ai ya daɗe da lalacewa," ya ce cikin muryar nan tasa mai santsi. "Kuma ni jiya ina gida, ko ƙofa ban leƙa ba."

"Haba, ƙanena," in ji Manaja, "ranar Asabar a gabana ka danna shi."

Sufeto ya karɓi rimot ɗin, ya ɓare shi da farce. Gurbin batir fanko. Ya ɗauki wanda Injiniya ta ciro daga sabar ya saka, ya danna. Motar ta ƙyafta ido, but ɗinta ya buɗe. A ƙarƙashin tayar safaya Saje ya zaro faifan ajiyar, nannaɗe cikin tawul.

Zaƙin Murya ya zauna a kan bamba.

"Wata tasha ce ta yi mini tayin aiki, suka ce in zo da tsofaffin shirye-shirye. Na zo da filas na kwamfuta zan kwafa, kalmar sirri ta tare ni. Na ga wani bidiyo a waya, wai a cire batir, minti biyar an gama. Da na mayar sai na'urar ta daina ganin komai. Na tsorata, na ɗauki wancan na gudu."

"Bidiyon bai ce ka riƙe batirin da kyau ba?" in ji Saje, yana ɗaura masa ankwa.

Kafin su gama rubuta bayani, Injiniya ta mayar da batirinta, ta gyara kwanan wata, ta dawo da tsarin faifan yadda yake, ta nuna wa sabar wanda za ta fara tashi da shi, ta sa sabuwar kalmar sirri. Fitilu huɗu suka koma kore ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ya ɓata. Manaja ya daka tsalle har hularsa ta faɗi.

A hanyar ofis Saje ya kunna rediyon mota. Lokacin labarai ya yi, kuma da yake ba mai karantawa, Manaja ne da kansa ya zauna gaban makirfo. Ya yi tari, ya karanta kanun farko sau biyu, ya haɗa sunan gari da na mutum.

Zaƙin Murya, da ke zaune a bayan motar, ya kifa kai a jikin kujera.

"Yallaɓai, don girman Allah a kashe. Na amsa laifina, a kai ni sel ɗin, amma kada a sa ni sauraron wannan."

Sufeto ya miƙa hannu ya ƙara murya.