Murfin Ramin Waya

Ana shirin kiran azahar ofishin 'yan sanda na Gwaram ya bugo waya Birnin Kudu yana neman mai bincike. An tsamo gawar yarinya a ramin waya, kusa da Dingaya.

Sufeto Ummussalma, wadda aka tura, ta san ramukan nan. Tun da gwamnati ta saki kuɗin shimfiɗa wayar intanet mai sauri, 'yan kwangila suka haƙe gefen titi suka binne waya. Nan da can suka gina rami na siminti inda ake haɗa ta, kowanne da murfi mai fentin ruwan ɗorawa.

Wannan ramin babu murfi. Ruwan damina ya cika shi taf, ciyawa ta rufe bakinsa. A gefe ga kwanon tuwo a kife, ga takalmin roba ɗan ƙarami, ƙafa ɗaya. Daidai ƙafar 'yarta da ta baro a gida. Ta kawar da kai.

"A'i sunanta, Hajiya," in ji mai unguwa. "Shekararta bakwai. Abinci za ta kai wa ubanta Jafaru gona. Rafi ya cinye hanyar da ta saba bi, shi ne ta biyo titi."

Sufeto ta tsuguna ta jawo abin da ke yawo a kan ruwan. Tsohon karan dawa ne, an jera shi an ɗaure da kaba, ya karye a tsakiya. Har da ruɓaɓɓen reshen ƙaya.

"Baba, wa yake ajiye ƙaya a nan?"

"Ai haka muke yi. In ka ga ƙaya, an ce kada ka bi ke nan. Sai dai wannan ciyawa ta binne ta."

Aka kirawo Sada, shugaban leburorin aikin. Ya iso yana share gumi.

"Wallahi ranki ya daɗe, kullum sai na zagaya ramukan nan. Jiya ma da murfinsa."

"Jiya? Ciyawar da ta tsiro ta cikin karan nan ta kai gwiwata, Malam Sada. A dare ɗaya ta fito?"

Ya sunkuyar da kai. "Gaskiya tun cikin rani ban leƙo ba. Aikin ya yi gaba, an ce mu kai waya Fagam kafin manya su zo buɗewa. Amma na rufe shi." Ya nuna mata hoto a wayarsa. Ga murfin nan, da hannun ƙarfe biyu, kusurwa ɗaya a ɓantare.

"Mutum ɗaya zai iya ɗauka?"

"Sai da amalanke."

"Sakacinka zai shiga rahotona," ta ce. "Kada ka yi nisa."

Bayan an kai A'i makwancinta, Sufeto ta shiga gidan gaisuwa. Uwar, Hapsatu, tana zaune a tabarma da yaro mai rarrafe a cinya. Idonta a bushe. A'i 'yar fari ce, tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, kuma ko yau kunya ba ta bar ta ta yi kuka a gaban surukai ba.

"Ya haƙuri, 'yar'uwa?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Hajiya, ku nemo wanda ya buɗe ramin nan. Shi ba shi da 'ya'ya ne? Kullum sai na ce wa yarinyar nan ta kiyayi mota, ta kiyayi rafi. Ban san in ce ta kiyayi ƙasa ba."

La'asar ta yi, Sufeto ta nemi ruwan alwala. Aka nuna mata rijiya a bayan ɗaki. Tana zuwa ta tsaya cak. A bakin rijiyar akwai murfin siminti, an shafe shi da taɓo, amma ruwan guga ya wanke gefe, fenti ya fito. Kusurwa ɗaya a ɓantare. A dangar gidan kuma ga giɓi inda aka zare kara.

Hapsatu ta biyo ta da buta. "Maigidana ne ya kawo, Allah ya saka masa. Da yaron nan ya fara rarrafe na hana shi sakat, na ce ko a rufe rijiya ko in tafi gidanmu da 'ya'yana."

Sufeto ta tabbatar shi ne murfin da ke hoton Sada. Ta so a ce wani aka turo yau. Ta sa aka kirawo Jafaru daga zaure.

"Malam Jafaru, ina ka samo wannan?"

"A kasuwar Gwaram na saya."

"Wurin wa? Mota na waje, mu je ka nuna min shi."

Ya dubi murfin, ya dubi matarsa. Sai ya zube a ƙasa.

"Da rani ne," ya ce. "Ramin a bushe, babu mai bi ta nan. Na ce waya ce kawai a ciki, ni kuwa ɗana ne a bakin rijiya. Na rufe da kara, na sa ƙaya, Hajiya, wallahi na sa ƙaya! Na ce in an yi girbi zan zuba wani in mayar. Da hannuna na fito da 'yata daga ramin. Ina ganin karan na gane ɗaurina."

Butar ta suɓuce daga hannun Hapsatu.

Sufeto ba ta bari an sa masa ankwa ba. Wani kofur da suka zo tare ya riƙe hannunsa suka bi ta cikin masu zaman makoki.

Sufeto ta kai bakin zaure ta waiwaya. Hapsatu ta durƙusa a kan murfin, ta ƙanƙame yaron a ƙirji, tana shafa fentin da tafin hannu. A gaban surukai, a gaban kowa, ta buɗe baki.

"A'i," ta ce. "A'ina."