Zanen Goyo a Gindin Suri

Ku matso kusa. Ke Ladidi, rage fitilar nan.

Sallau direban motar albasa ne, da dare yake tafiya, kuma rowa ta hana shi ɗaukar yaron mota. Ga son kitse. In ya zauna gaban mai tsire, sai mai tsire ya tashi. Da ƙirji ya fara yi masa nauyi, likita ya ce kitse ya yi yawa a jininsa, ya ba shi ƙwaya.

"Kullum ɗaya. In ka bari, jijiyar zuciya na iya toshewa."

Ya riƙe ta da gaske, don matarsa Kande na da tsohon ciki, na fari bayan dogon jira.

Tun daga nan fitsari ya sako shi gaba. Kuma a wuri guda yake matsarsa: wata kwana cikin daji, gefen babban suri. Ya sauka a guje, ya tsuguna bakin rami. Ba bismilla, ba neman tsari. Kun dai san ba a yi a rami.

Wani dare yana ɗaure wando, gyare suka yi tsit. Mace ce tsaye bayansa da goyo. Zanen goyon yana ɗiga.

"Ka jiƙa min ɗa."

Daga ƙasa muryar take fitowa. Ya kalli ƙasan. Kofato.

"Inna, ki yi haƙuri. Magani ne."

"Bar sha."

"In na bari, zuciyata..."

"Kai ka sani."

Ya koma asibiti. Likita ya ce ba a cika ganin haka da wannan ƙwayar ba. Ya gwada sukari, ya duba mafitsara, bai ga komai ba. Ya ce a ci gaba da sha.

Tsoro ya fi ƙarfin Sallau. Ya zubar da ƙwayar a masai, ya bar shan ruwa tun la'asar. Ƙirji ya dawo da nauyi, ya daure.

Duk a banza. Yana isa kwanar, mara ta murɗa. Ƙato da shi, wallahi har kuka ya yi. Ƙafarsa da kanta ta taka birki.

Tana zaune kan surin. Babu goyo.

"Na bar sha, Inna."

"Na sani. Yanzu ni ke kiranka."

"Ina yaron?"

Ta miƙo masa zanen a ninke.

"Kai wa Kande. Na ji ta kusa."

Ya jefar da shi cikin daji, bai waiga ba har gida. Yana shiga soro ya hango shi kan igiyar shanya, yana ɗiga. Kande na tsaye tana shafa shi, tana tambayar wa ya kawo.

Duk wanda ya matsu a daren nan, ya tashe ni in raka shi. Kada a fita shi kaɗai.